Idan Mota Mara Inshora Ta Kaɗe Mutum a Hanyar Shagari, Wa Zai Biya?

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga, ta ratsa Shagari da Tambuwal kafin ta isa Jega, ita ce ke ɗaukar yawancin abin da wannan yanki ke aikawa Kudu. Tireloli ne shaƙe da shanu da albasa, da tankokin mai, da motocin haya da aka yi wa lodi har bisa but, sai 'yan kabu-kabu da ke saƙawa a tsakaninsu. Mutumin Mandera ko Kajiji ko Sifawa da zai je kasuwa ko asibiti, wannan titin zai fito. A kansa kuma, kamar sauran manyan hanyoyin ƙasar nan, ake yin haɗari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a titunan Najeriya a 2024, waɗanda labarinsu ya iso gare ta ke nan. Abin da ke biyo bayan haɗarin kowa ya san shi. A kwashi wanda ya ji rauni a kai shi asibiti ko wurin mai ɗori, direba ya zo da dattawan tasha su ba da haƙuri, a ajiye ɗan abin da ya samu na magani, dangi su ce ƙaddara ce, sun yafe. Daga nan magana ta mutu a bakin mutane. Amma kuɗin jinya da na abincin gidan da mai nemansa ke kwance ba su mutu ba, sai wani ya biya su, kuma a tsarin da muke kai yanzu wanda aka kaɗe ne ke biya, da akuyarsa da hatsinsa, wani lokaci da gonarsa.

Doka ba ta bar wannan wuri a buɗe ba. Tun 1945, zamanin Turawa, aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai mota ya mallaki inshorar da direbobi ke kira tad-fati, wato wadda ke biyan mutumin da motarka ta yi wa ɓarna, ba kai mai motar ba. Ta fara aiki a 1950. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara ɓarnar dukiya a ciki har zuwa naira miliyan ɗaya, kan kuɗin shekara naira 5,000. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida zuwa naira 15,000, ta kai iyakar biyan ɓarnar dukiya naira miliyan uku. Babur na biyan naira 3,000 a shekara, keke napep 5,000, babbar mota 100,000. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai. Rai da rauni lissafinsu daban ne, gwargwadon abin da aka daidaita a kai ko kotu ta yanke. Fasinjan motar haya ma yana cikin waɗanda dokar ta nufa, abin da yawancin fasinjoji ba su taɓa ji ba. A 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta fara kamen masu yawo babu inshora a faɗin ƙasa. Duk da haka ƙungiyar kamfanonin inshora ta daɗe tana cewa cikin motoci kusan miliyan goma sha biyu da ke Najeriya, abin da ke da inshora ta gaskiya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran ko dai babu komai, ko kuma takarda ce da wani ɗan kamasho ya buga a bakin ofishin lasin, aka haɗa ta cikin fatikula don a nuna a shingen bincike. Mai motar da kansa sau da yawa bai san jabu ce ba sai ranar da ya buƙace ta.

Don haka idan mota ta kaɗe mutum tsakanin Boɗinga da Shagari, abin da ya fi yiwuwa shi ne babu wani kamfani a bayanta. A wasu ƙasashe an daɗe da tanadin wannan rana. A Amurka mai mota kan sayi ƙarin kariya a cikin tasa inshorar, idan mara inshora ya buge shi sai kamfaninsa ya biya shi, daga baya kamfanin ya bi mai laifin. Wannan dabara ta mai mota ce, ba ta da amfani ga mai tafiya a ƙasa ko yaron da ke kora shanu a gefen titi, kuma su ne mafi yawan masu bin hanyoyinmu. Ingila ta bi wata hanya tun 1946: kamfanonin inshora suka haɗa asusu guda da ke biyan wanda mota mara inshora ta cutar, ko wadda direbanta ya gudu ba a gane shi ba. Faransa ta kafa irin nata a 1951. Afirka ta Kudu kuwa a kan kowace lita ta mai take cire kuɗin asusunta. Mu ma muna da irin wannan a rubuce. Dokar 2003 ta tanadi asusu a hannun NAICOM don biyan wanda direba mara inshora ko wanda ba a gane ba ya kashe ko ya nakasa, kuma sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025, wadda ta maye gurbin dokokin 1945 da 2003, ta kafa asusu na musamman na diyyar waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Sama da shekara ashirin ke nan da tanadin farko. A tambayi kowace majalisa a Dandin Mahe ko Dancaɗi ko an taɓa jin labarinsa.

Abin da nake son kafawa a nan shi ne, wannan tsari na tara kuɗi daga jama'a don biyan ɓarnar da mutum ɗaya ya yi bisa kuskure ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Ya riga mota zuwa da ƙarnoni. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san hukuncin kisan kuskure, wanda asalinsa ke cikin Suratun Nisa'i: kaffara a kan wanda ya yi kisan, diyya kuma a miƙa ga magada. Diyyar raƙumi ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya, ko dirhami dubu goma sha biyu na azurfa. Abin lura shi ne wanda aka ɗora wa biyanta. Ba a ɗora ta kan mai kuskuren shi kaɗai ba, an ɗora ta kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su raba a tsakaninsu gwargwadon hali, su biya cikin shekara uku. A mazhabar Malikiyya aƙila na ɗaukar har raunukan da diyyarsu ta kai sulusin cikakkiyar diyya. Abin da ya gaza haka, da kuma ɓarnar dukiya, yana kan aljihun mai laifin. Hikimar a bayyane take. Kuskure na iya faɗa wa kowa, kuma nauyin rai ya fi ƙarfin mutum ɗaya, to maimakon a talauta gida guda ko a bar jinin mutum ya tafi a banza, sai a shimfiɗa nauyin a kan mutane da yawa har ya zama kowa na iya ɗauka. Lokacin da Halifa Umar ya kafa rajistar mayaƙa da ake kira diwani, an mayar da ɗaukar diyya kan waɗanda suke rajista ɗaya, suna karɓar albashi tare, ko da ba jini ɗaya ba ne. Malaman Hanafiyya sun gina hukunci a kan haka, kuma littattafan Malikiyya ma sun ambaci mutanen diwani. Idan babu dangi babu diwani, baitulmali ya biya. Wato tun wancan zamani an fahimci cewa aƙila na iya zama abokan sana'a, kuma akwai asusun hukuma a ƙarshen layi don wanda ba shi da kowa, ko wanda ba a san wa ya kashe shi ba.

To yau ina aƙilar direba? Dinari dubu ya kai kilo huɗu da kwata na zinariya. A farashin yanzu, kamar yadda hukumomin zakka na jihohin Arewa ke fitar da lissafinsa tare da nisabi da mafi ƙarancin sadaki, kuɗin ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Babu dangin direban motar haya a Shagari da za su iya haɗa wannan, ko da an ba su shekara talatin. Su kansu dangin sun warwatsu, wani na Legas yana sayar da albasa, wani na ci-rani a Fatakwal, kuma babu alƙalin da ke da jerin sunayensu. Hukuncin na nan daram a cikin littafi, hannun da zai ɗauke shi ne ya shanye. Inshorar tad-fati, idan aka cire mata sunan Turanci, aƙila ce ta masu abin hawa: kowa ya zuba kaɗan a shekara, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya a madadinsa. Asusun diyya na hukuma kuma shi ne ke tsaye a gurbin baitulmali.

Na san abin da za a fara cewa: ai ƙaddara ce, kuma yafiya ta fi. Babu musu a kan ko ɗaya. Amma shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kan kuskure, kuma ba ta ga karo tsakanin biyun ba. Yafiya kuwa sadaka ce, haka nassi ya kira ta, sadaka kuma sai da abin da mutum ya mallaka, ya kuma bayar da son ransa. Matar da aka kashe wa miji, ta ga direba ba shi da ko taro, ta ga dattawan gari sun kewaye ta, ta san idan ta buɗe baki za a ce tana son cin kuɗin jini, wannan ba ta zaɓi komai ba, an rufe mata ƙofofi ne aka bar guda. Ga kuma abin da ake yawan tsallakewa a zaman sulhu: diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, marayu na da kasonsu. Baffan da ya miƙe ya ce mun yafe, nasa rabon yake da iko a kai idan yana da shi, rabon yaro ƙarami kuwa amana ce da malamai suka tsananta a kanta. Ana yafe abin da ba a taɓa sa ran samu ba, shi ya sa yake da sauƙi. Da akwai asusun da zai biya, sannan ne za a gane wanda ya yafe don Allah, kuma ladansa ya fi cika.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce cewa inshora haramun ce. Manyan majalisun fiƙihu sun yi wannan hukunci a kan inshorar kasuwanci, saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, da kamanninsa da caca, da kuma juya kuɗin a harkar ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke haka a Jidda a 1985. Sai dai a cikin wannan hukuncin ta halatta inshorar taimakekeniya, inda abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a, kamfani kuma wakili ne mai kula da shi. Ita ce takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasin irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke sayar da takardar mota da doka ta amince da ita. Saboda haka wanda ya guje wa inshora don tsoron Allah yana da mafita, kuma ya fi kowa cancantar ya neme ta, tunda ya san girman haƙƙin jini. Abin mamaki shi ne direban da ke ƙyamar inshora ta gaskiya don haramci, amma ya sayi ta jabu don 'yan sanda. Ya haɗa ƙarya da asarar kuɗi, ga haƙƙin mutane na nan a wuyansa.

Na uku, za a ce kamfanonin ba sa biya, kuma wannan zargi yana da tushe. An daɗe ana wahalar da masu neman haƙƙi da tarin takardu da je-ka-dawo, har mutane suka ɗauki inshora a matsayin wani haraji na hanya. Ofisoshin kamfanonin a birane suke, takardunsu da Turanci, kuma abin da suke biya kan rai lissafin asara ne irin na kotun Bature, wanda ba ya kusantar diyyar shari'a. Ban ga amfanin ɓoye wannan ba. Amma akwai gyara a cikin lissafin. Wani kaso mai yawa na waɗanda suka ce an hana su, takardar jabu ce a hannunsu, babu kamfanin da ya taɓa karɓar kuɗinsu. Wannan kuwa yanzu ana iya gane shi kafin a bar wurin: a danna *565*11# a kowace irin waya, a sa lambar mota, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna ko tana da inshora mai rai. Kamfanin da ya ƙi biyan haƙƙi na gaskiya kuma ana kai ƙararsa sashen koke na NAICOM, wadda ke da ikon hukunta shi. Kuma ko da abin da za a biya bai kai diyya ba, miliyan biyu ko uku a hannun wanda ke jiran aikin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko ya fi dubu ashirin da aka ƙulle a leda aka tura ƙarƙashin filo.

Batun talauci kuwa bai da ƙarfin da ake ba shi. Naira 3,000 ta babur ba ta kai naira goma a rana ba. Naira 15,000 ba ta kai kuɗin lita ashirin ta fetur ba. Ɗan kabu-kabu na biyan abin da ya fi haka a tikitin ƙungiya cikin 'yan makonni.

Tikitin nan shi ne inda nake ganin mafita ta fi kusa. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu su ne diwanin wannan zamani. Suna da rajistar kowace mota da ke lodi a tasha, suna karɓar kuɗi kullum, kuma su ne ke zuwa belin direba da ba da haƙuri idan abu ya faru. Aikin aƙila suke yi, sai dai rabinsa, rabin da ke kare direba. Babu abin da zai hana reshen tasha a Boɗinga ko Shagari ya yi yarjejeniya da kamfanin takaful, a riƙa cire kuɗin shekara kaɗan-kaɗan daga tikiti, a ce motar da lambarta ba ta fito a rumbun bayanai ba ba za ta shiga layi ba. Kamfanin da zai yi wa manomi ɗaya taurin kai zai yi tunani sau biyu kafin ya ɓata da ƙungiyar da ta kawo masa mota ɗari uku. Wani zai ce kuɗin da ya bi ta hannun ƙungiya ba ya fitowa cikakke. To ai shi ya sa ma'aunin ya zama lambar waya da kowane direba zai iya dannawa da kansa, ba rasit ɗin sakatare ba.

Kafin a kai can, wanda abin ya faɗa wa yau yana da 'yan abubuwan da ke hannunsa, kuma yawancinsu a sa'o'in farko ake rasa su. Lambar mota ita ce gaba da komai, ko a rubuce ko a hoton waya, domin ba tare da ita ba direba ya zama wanda ba a sani ba. Sai a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, a kuma tabbatar 'yan sanda sun rubuta rahoto, don babu kamfani ko asusu ko kotu da za ta saurari magana ba tare da shi ba. Mutanenmu na gudun ofishin 'yan sanda saboda dalilan da kowa ya sani, amma sulhun da aka yi a gefen titi aka watse ba ya barin wata shaida. Haka nan mai ɗori, komai gwanintarsa, ba ya ba da takardar likita. Ko da can za a ƙare, a fara biyawa ta asibiti a yi hoto a karɓi kati, a adana kowane rasit. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Idan motar na da inshora, a sanar da kamfanin a rubuce ba tare da jinkiri ba. Idan ba ta da ita, haƙƙin bai faɗi ba: yana kan direba, kuma yana kan mai motar idan direban na bakin aikinsa ne, abin da ke da muhimmanci domin direban tirela talaka ne amma ubangidansa ba talaka ba ne. Ana iya zuwa kotu, ana iya yin sulhu, sai dai sulhun ya kasance a rubuce gaban alƙali ko uban ƙasa, da adadi da wa'adi, a kuma jira likita ya faɗi girman raunin kafin a sa hannu. Karayar da aka sasanta a kan dubu hamsin ranar farko tana iya ƙarewa da yanke ƙafa bayan wata biyu.

Sai wanda direbansa ya gudu cikin dare, ko aka kama shi aka tarar ba shi da komai, wanda dominsa aka kafa asusun diyya. Ana tsoron irin wannan asusu zai sa mutane su ƙara sakaci da sayen inshora, ko a cika shi da haɗurran ƙarya. Na farkon an magance shi a Ingila ta hanyar bin direban da kuɗin bayan an sallami wanda aka cutar, ga kuma hukuncin tuƙi babu inshora na nan a kansa. Na biyun kuwa ya fi sauƙin kamawa a Mandera fiye da Abuja, domin a ƙauye babu wanda zai ƙirƙiri gawa mai unguwa da liman ba su sani ba. Tsoron da ya fi dacewa shi ne sabon asusun ya bi sawun na 2003, ya zauna a babban birni yana jiran takardar da ba za ta taɓa zuwa ba. Maganinsa aiki ne na ƙasa-ƙasa da gwamnatin jiha za ta iya nema tun yanzu: fom da Hausa, har da ajami, a teburin kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, jami'in da ya rubuta rahoton haɗari ya zama wajibi a kansa ya gaya wa dangi cewa asusun na nan, a sanar a rediyon Rima, a kuma riƙa buga sunan kowace ƙaramar hukuma da adadin waɗanda aka biya a cikinta duk shekara. Hukumar zakka da waƙafi ta Jihar Sakkwato ta riga tana da wakilai a gundumomi da ke tantance mabuƙata da marasa lafiya, kuma su ne suka fi dacewa su karɓi fom ɗin daga hannun matar da ba za ta iya fita ba saboda takaba.